Mahayi Da Ɗan Kallo

Wanda ya ƙetare gadar kogin Kaduna da maraice ya nufi kudu, ya bi ta Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha, ba zai rasa jin ƙarar janareta a bakin wani ɗan shago ba. In ya leƙa ciki sai ya tarar da samari jere bisa benci, idanunsu kafe a kan akwatin talabijin, yatsunsu na ta rawa bisa wani ɗan abu mai maɓallai. Wannan shi ne gidan gem, abin da suke yi kuwa shi ake kira wasan bidiyo. Galibinsu ƙwallon ƙafa suke bugawa, amma akwai masu son wasannin da ake shiga gidan duhu ana gudun dodanni. Kusa da shagon kuma da wuya a rasa mai tura finafinai, wanda da 'yan kuɗi kaɗan zai cika wa yaro wayarsa da abin kallo na mako guda. A cikin abin da ake turawa akwai wani iri da ya kamata iyaye su san da shi, watau finafinan ban tsoro waɗanda aka gina bisa waɗannan wasanni.

Kafin a ɗora su bisa ma'auni, ya kamata mai karatu ya san bambancin wasa da fim. A wasan bidiyo, mutumin da ake gani cikin akwati ba ya motsi sai mai wasa ya motsa shi. Ɗan abin nan mai maɓallai shi ne linzaminsa: in an ja dama ya yi dama, in an saki ya tsaya. Idan ya buɗe ƙofar da dodo ke bayanta, mai wasa ne ya buɗe, in ya mutu kuwa laifin mai wasa ne. A fim an riga an yanke wa kowa rabonsa tun kafin a kunna. Misalinsu kamar ranar hawan Salla ne a Zariya. Da mahayin da dokinsa ya ɗauke shi a guje, da ɗan kallon da ke tsaye gefen hanya, duka gabansu na iya faɗuwa, amma na mahayi ya fi, gama linzami a hannunsa yake, shi kuma zai sha ƙasa. To, duk mai son ya mai da wasa fim, dole ya ƙwace linzami daga hannun mahayi ya mai da shi ɗan kallo. Abin tambaya ga kowane ɗaya cikin finafinan nan shi ne, da ya ƙwace linzamin, me ya ba mutum a madadinsa?

Bahaushe ba baƙo ba ne ga labarin ban tsoro. Tun ba a kawo majigi ƙasar nan ba tsofaffi ke tara jikoki da dare suna ba su labarin Dodo. Amma fa Dodon tatsuniya ba ya cin mutum haka kawai. Sai yarinya ta raina samarin garinsu ta bi baƙo don kyansa, ko an hana zuwa rafi da tsakar rana an je, ko an yi alkawari an saɓa. Tsoron da yaro ya kwana da shi yana da saiwa cikin zaman duniya, shi ya sa yakan girma ya mance kamannin Dodo amma bai mance gargaɗin ba. Wannan shi ne mudun da ya dace a auna finafinan da shi.

Finafinan iri biyu ne. Iri na farko su ne waɗanda a cikinsu wasan da kansa shi ne dodo. A 1994 aka yi wani a Amurka mai suna Brainscan, labarin wani yaro da ya sami faifan wasa, ya yi kisa a cikinsa, gari ya waye ya ji an kashe wani a unguwarsu daidai yadda ya yi. A 2006 aka yi Stay Alive, inda waɗansu samari da 'yan mata suka sami wani wasa da ba a kai kasuwa ba tukuna, duk wanda ya mutu a wasan sai ya mutu a zahiri ta hanya guda. Fatalwar da ke bin su kuwa an ce ta Elizabeth Bathory ce, wata basarakiyar ƙasar Hangari da ta mutu a 1614, wadda aka tuhuma da kashe 'yan mata masu yawa.

In an auna waɗannan biyu, mudun bai cika ba. Yaran ba su saɓa alkawari ba, ba su ci amanar kowa ba, laifinsu kurum sun kunna akwati. Dodon nan ba shi da dalili, ba shi da gargaɗi, sai razana da ƙara da tsalle daga bayan ƙofa. Brainscan ma a ƙarshe sai ya nuna ashe duk abin cikin wasan ya faru, ba a kashe kowa ba, kamar mai ba da labari ya tsoratad da jama'a sa'an nan ya ce mafarki ya yi. Har wa yau suna da wata illa. Uban da ya gan su yana iya ɗauka akwai aljani cikin akwatin, ya tsaya neman tsari daga abin da babu, alhali ɓarnar gaskiya tana gabansa. Ɓarnar wasan bidiyo ita ce cin lokaci da cin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa kamuwa da shi cikin jerin cututtuka, watau in wasa ya rinjayi mutum har ya ture barcinsa da karatunsa da sana'arsa, ya kuwa kasa bari.

Wanda ya ɗan yi dama cikin wannan iri shi ne Choose or Die na 2022, wanda aka nuna a Netflix. Wata yarinya ce, Kayla, mai sharar ofisoshi da dare, uwarta ba lafiya, ana shirin korarsu daga gidan haya. Ta sami wani tsohon wasa da aka yi alkawarin kuɗi masu yawa ga wanda ya kai ƙarshensa, ta shiga. Daga nan wasan ya riƙa ba ta zaɓi biyu biyu, kowanne ta ɗauka sai wani ya cutu. A nan ƙugiyar talauci ce, tsanar kuwa kwaɗayin samu a sauƙaƙe. Wanda ya taɓa ganin saurayi tsaye a shagon cacar ƙwallo da takarda a hannu, kuɗin cefane sun tafi, zai gane wannan dodo ba sai an yi masa bayani ba.

Iri na biyu su ne waɗanda aka ɗauko labarinsu daga wasannin da aka riga aka sani. Mafi shahara shi ne Resident Evil. Kamfanin Capcom na Japan ya fito da wasan a 1996. Daɗinsa yana cikin ƙarancin guzuri: mai wasa na cikin wani tsohon gida cike da gawarwaki masu tafiya, harsasansa ƙidayayyu, kowane harbi sai ya yi lissafi. Da Paul Anderson ya mai da shi fim a 2002, sai ya kawo wata jaruma, Alice, wadda Milla Jovovich ta fito a matsayinta, ya sake mata harsashi kamar ruwan Agusta. Daga 2002 zuwa 2016 an yi guda 6 a jere, suka tara fiye da dala biliyan 1, amma kowane na baya ya fi na gabansa harbe-harbe, ya kuma kasa shi tsoro. Wanda ba a jin zai faɗi, wa zai ji masa fargaba?

Duk da haka akwai ƙwaya guda mai kyau a na farkon. Tushen bala'in wani babban kamfani ne, Umbrella, mai sayar da magani a fili, a ɓoye kuwa yana kiwon ƙwayar cuta a ƙarƙashin ƙasa. Da ta kuɓuce, sai aka rufe ƙofofi aka hallaka ma'aikata. Wannan tsoro yana da saiwa a ƙasar nan. A shekarar da wasan ya fito, 1996, aka yi annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, yara wajen 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Da fim ɗin ya tsaya kan wannan tambaya, watau wa ke tsaron talaka daga mai ƙarfin da ya ce taimako ya zo, da ya zama babban aiki. Sai ya taɓa ta ya wuce wajen harbi.

Five Nights at Freddy's na 2023, wanda Emma Tammi ta shirya, shi ma ya riƙi abu mai kyau ya sake. A wasan, wanda Scott Cawthon ya yi a 2014, mai wasa maigadi ne a wani gidan cin abinci na yara, daga sha biyun dare zuwa shidan safe. Ba ya iya barin ɗakinsa. Mutum-mutumin dabbobi masu inji a ciki suna yawo suna nemansa, wutar lantarkin da aka ba shi kuwa 'yar kaɗan ce, in ta ƙare ƙofofi su buɗe. Duk wanda ya taɓa gadin dare a Makera, ko aka ɗauke masa wuta yana shi kaɗai, ya san nauyin wannan. Fim ɗin sai ya fitar da maigadi daga ɗaki, ya cika lokaci da mafarkansa da rigimar riƙon ƙanwarsa, har dodannin suka koma abokan wasanta. An kashe dala miliyan 20, an sami kusan miliyan 300, amma yawan masu saye ba shi ke nuna kyan hatsi ba.

Wanda ya fi cika mudu shi ne Silent Hill na 2006, aikin wani Bafaranshe, Christophe Gans, daga wasan kamfanin Konami na 1999. Wata uwa ce, Rose, ta shiga wani mataccen gari tana neman 'yarta. Toka na zuba daga sama kamar hazo, shaguna a rufe, tituna ba kowa, can sai a ji jiniya, duhu ya sauko, bango ya fara ruɓewa. An ɗauko siffar garin daga wani gari na gaske a Amurka, Centralia, inda wuta ta kama ramin kwal a ƙarƙashin ƙasa tun 1962, mutane suka watse. Mutumin Kakuri ba ya bukatar a fassara masa wannan. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a can, waɗansu suka biyo baya, dubban mutane suka ci abinci da su. A 2002 aka rufe ta, a 2007 babbar masaƙar UNTL ita ma ta tsaya. Wanda ya san ƙofofin nan sa'ad da ma'aikata ke fitowa kamar tururuwa, ya kuma gan su da tsatsa da ciyawa, ya riga ya ga rabin fim ɗin.

Ɗaya rabin ya fi nauyi. A ƙarshe sai a gane asalin la'anar garin. Jama'arsa ne suka taru suka ce wata yarinya mara uba sananne mayya ce, suka sa ta bisa wuta, kowannensu yana ganin aikin kirki yake yi. Dodannin da ke yawo duk daga wannan zalunci suka tsiro. A nan Dodo ya sami dalili, kamar na tatsuniya, gargaɗin kuwa shi ne a ji tsoron taron da ya tabbata shi ke da gaskiya. Birnin da ya ga tarzomar 2000 da ta 2002, har maƙwabta na shekara da shekaru suka rabu, waɗansu suka koma wannan haye waɗansu wancan, ya san abin da taro ke iya yi in hankali ya gushe. Fim ɗin yana da aibu. Ya jibge bayaninsa wuri guda kusa da ƙarshe kamar mai karanta takardar shari'a, zubad da jinin da ya rufe da shi kuma ya wuce kima. Amma shi kaɗai ne ya ƙwace linzami ya ba mutum abin da zai tafi gida yana tunani.

Saura magana ga iyaye. A Amurka, Resident Evil da Silent Hill suna cikin finafinan da ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga kallo sai da babba. Nijeriya ma tana da hukumar tace finafinai tun 1993, amma hannunta bai kai ga abin da ke wucewa daga waya zuwa waya ba, mai turawa kuwa ba ya tambayar shekaru. Saboda haka aikin ya koma gida. Ƙaramin yaro a hana shi, ba wani ja-in-ja. Wanda ya tasa kuwa, hani kurum ba ya isa, gama zai kalla a wayar abokinsa. Abin da ya fi shi ne uba ko uwa su zauna da shi su tambaye shi, “Wannan dodo me ya kawo shi? Wa ya yi laifin farko?” In yaro ya iya amsawa, ya sami abin da jikokin dā ke samu a gaban kakanninsu. In kuwa ya duba ya ga babu amsa, ya koyi gane hatsi da ƙaiƙayi, gobe da kansa zai ce wa mai turawa ya sake masa wani.