Baƙin Fim na Da da na Yanzu: Wa Ke Riƙe da Littafin Lissafi?

Dattawanmu na Birnin Kudu da Gwaram suna ba da labarin zamanin En'e, lokacin da motar majigi ke sauka a fili bayan isha'i, a kafa farin ƙyalle, a nuna wa jama'a tsabta da noma. Wanda ke son fim na labari kuwa sai ya tafi Kano, inda aka buɗe siliman Rex a 1937. Yau ga fim ya shigo aljihun kowane saurayi. Saboda haka ya kamata mu san abin da muke kallo.

Akwai wani irin fim na Amurka wanda wani Bafaranshe mai sharhi, Nino Frank, ya raɗa wa suna film noir a 1946, watau baƙin fim. An kira shi haka domin hotonsa baƙi da fari ne, dare ya fi rana yawa a cikinsa, zukatan mutanen ciki kuwa sun fi daren duhu. Daga baya aka zo da sabon salo mai launi, ana ce masa neo-noir. Masu sharhi sukan tsaya kan launi da inuwa. Ni dai malamin ofis ne, aikina rasit da rajista, don haka abin da idona ya fara kamawa shi ne halin takarda a cikin kowanne.

Mu ɗauki Double Indemnity, wanda Billy Wilder ya shirya a 1944. Wani ma'aikacin inshora, Neff, ya haɗa baki da matar wani attajiri, suka sa mijin ya sa hannu a takardar inshorar hatsari bai sani ba, suka kashe shi, suka nuna kamar daga jirgin ƙasa ya faɗo, don a biya kuɗin ninki biyu. Me ya tona su? Wani dattijon ofis mai suna Keyes ya lura mamacin ya taɓa karya ƙafa, amma bai nemi diyya ba. Ya ce ashe mutumin bai san yana da takardar ba ke nan. Daga nan zare ya fara warwarewa, har Neff ya dawo ofis da dare da harsashi a jikinsa, ya faɗi laifinsa cikin na'urar ɗaukar magana. A nan takarda shaidar gaskiya ce, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

To, sai mu duba Chinatown na Roman Polanski, na 1974. Ana fari a Los Angeles, amma ana zubar da ruwan gari a ɓoye da dare, ana hana manoma ban ruwa, don gonakinsu su bushe a saye su da araha. Mai binciken asiri, Gittes, ya je ofishin rajistar filaye, ya ari rula ya yage shafin. Sai ya tarar an rubuta gonakin da sunayen tsofaffin da ba su san zancen ba, har da wanda ya riga ya mutu. Ya gano gaskiya sarai, amma attajirin da ya ƙulla abin, Noah Cross, ya tafi abinsa ba wanda ya taɓa shi. A nan littafin rajista shi kansa ya zama kayan sata.

Kada mai karatu ya zaci mutanen da sun fi na yanzu tsoron Allah. Doka ce ta ɗaure masu fim: daga 1934 zuwa 1968 ƙa'idar Hays ta hana a nuna mai laifi ya ci riba. Da aka kwance ta, sai suka faɗi abin da suka daɗe da sani.

A ƙasarmu ma an yi irinsa. A October 1 na Kunle Afolayan, 2014, marigayi Sadiq Daba ya fito a Sufeto Danladi Waziri, ɗan Arewa da aka aika wani gari na Yarabawa ya binciki kisan mata gab da samun mulkin kai a 1960. Ya gano ɗan sarkin garin ne, amma Turawan mulki suka matsa masa ya binne rahoton.

Wanne ya fi? Wajen iya tsara labari na fifita na da, domin ba ya ɓarnar magana, kowane abu an ajiye shi inda zai yi amfani. Amma yana kwantar da hankali fiye da kima, kamar gaskiya za ta fito don kanta ko da kowa ya yi barci. Na yanzu yana da ɗaci, kuma ina jiye wa yara kada su ɗauka cewa mai kuɗi ba ya faɗuwa. Duk da haka shi ya fi yi wa manomi amfani. Wanda ya kalle shi da hankali, ran da aka zo rabon gado ko cinikin gona, ba zai dangwala yatsa ba sai an karanta masa abin da aka rubuta, a gaban mai unguwa da shaidu. Mu kuma masu riƙe da alƙalami, mu tuna akwai wani littafin da ba a yage masa shafi. Allah ya sa mu cika da gaskiya, amin.