Masu leƙa cikin tankin da ba shi da taga

Da yawa daga cikin magungunan zamani, irin su insulin da wasu magungunan kansa, ba haɗa su ake yi ba, ƙwayoyin halitta ake kiwo a cikin tankin ƙarfe su samar da su. Tun a 1944 kamfanin Pfizer ya soma dafa fenisilin a manyan tankuna a Brooklyn ta Amurka. Yau akwai tanki mai cin lita 20,000, da farfela a tsakiyarsa tana juyawa, iska kuma na shigowa ta ƙasa.

Duk wadda ta taɓa tuƙa tuwon biki ta san babbar tukunya ba ta bin dokar ƙarama: inda muciya ba ta kai ba, nan gudaji ke ɓuya. Haka tankin nan yake. Abin da ke gaurayuwa cikin daƙiƙoƙi a ɗakin gwaji yakan ɗauki minti guda ko fiye a masana'anta. Iskar oksijin da lita ɗaya ta ruwa ke iya riƙewa ba ta kai miligram 10 ba, don haka ƙwayar da ta faɗa lungu nan da nan take shaƙewa. Wadda ta tsaya bakin bututun da ake zuba musu sukari kuwa, idan bakteriyar E. coli ce, sai ta ci ya yi mata yawa, ta koma fitar da sinadari mai tsami da ke hana ta girma. To a ƙara gudun farfela mana? Idan aka ninka gudun sau biyu, wutar da za ta sha sai ta ninka sau takwas, ga shi ƙwayoyin dabbobi masu rauni ne, fashewar kumfa ma kashe su take yi.

A nan injiniyoyi gwanayen lissafin motsin ruwa suke shigowa. Sai su zana tankin a kwamfuta, su yanka ruwan cikinsa zuwa miliyoyin ƙananan ɗakuna, a kowane ɗaki kwamfuta ta lissafa gudun ruwa da inda ya dosa, bisa lissafin da Navier ya faro a 1822, Stokes ya kammala a 1845. Amma babu kwamfutar da za ta bi kowane ɗan murɗawar ruwa a tanki mai wannan girma. Dole injiniya ya zaɓi abin da zai lissafa daki-daki da abin da zai ƙiyasta, kuma wannan zaɓin shi ne gwanintar. Hoto mai launi kowa ma na iya fitarwa. Gwani sai ya zuba rini a tankin gilashi, ya ga ko ruwan gaske ya yarda da na kwamfuta.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da Matthias Reuss da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a Stuttgart ta Jamus. Maimakon su kalli tankin gaba ɗaya, sai suka saki dubban ƙwayoyi na lissafi cikin ruwan, suka bi sawun kowace ɗaya: yaushe ta ƙoshi, daƙiƙa nawa ta yi cikin yunwa, sau nawa ta rasa iska. Da wannan bayani ake iya matsar da bututun sukari kusa da farfela, ko a sauya fasalin fukafukanta, tun kafin maƙera su taɓa ƙarfe.