Rum, Yunan da Sin: Matsalar Sunaye a Rubutun Tarihi da Hausa

Masu rubuta tarihin daulolin dauri da Hausa sun gaji sunaye uku daga Larabci, wato Rum da Yunan da Sin. Biyun ƙarshe ba su da rigima sosai. Manazarta kan danganta Sin da daular Cin, wadda ta haɗe ƙasar a shekarar 221 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Yunan kuwa daga yankin Iyoniya ta samo asali, ko da yake 'Girka' ta kusa ture ta.

Rum ce ƙadangaren bakin tulu. Rumawan da almajirin Minna ya sani a Suratur Rum su ne na Ƙusɗanɗiniyya, masu magana da Girkanci, waɗanda Farisawa suka ƙwace wa Ƙudus a 614, daularsu kuma ta kai har 1453. Mai fassara kuwa yakan ɗora sunan, ba tare da wani bayani ba, a kan Rum ta Italiya, mai Latinanci, wadda sarautarta ta faɗi tun 476. Sai mai karatu ya ɗauka Yuliyas Kaisar da Hiraƙala a birni ɗaya suka yi mulki, alhali ƙara 'ta Gabas' ko 'ta Yamma' ya isa ya raba gardamar.