Mildred Benson, Gwanar da Ta Ɓuya a Bayan Nancy Drew

Duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikin littattafan Nancy Drew zai ga an rubuta Carolyn Keene a bango a matsayin marubuciya. Ba a taɓa haihuwar wannan Carolyn ɗin ba. Suna ne na aro da wani ɗan kasuwar littattafai a Amurka, Edward Stratemeyer, ya ƙirƙira don ya riƙa liƙa shi a kan aikin mutanen da yake ɗauka haya. Wadda ta fara zama a bayan sunan, ta rubuta 23 daga cikin littattafai 30 na farko, ita ce Mildred Wirt Benson, 'yar wani likita da aka haifa a ƙauyen Ladora na jihar Iowa a 1905. Tana da shekara 24 ta rubuta na farkon.

Yadda Stratemeyer yake sana'arsa ba ɓoyayyen abu ba ne a yau. Shi zai zauna ya ƙago taurarin labari, ya tsara abin da zai faru a 'yan shafuka, ya aika wa marubuci. Marubucin ya mayar da wannan ƙwarangwal littafi mai babi 25, a biya shi sau ɗaya, ya sa hannu cewa ba shi da haƙƙin komai kuma ba zai yi iƙirarin sunan ba. A farko, ladan Mildred a kan kowane littafi dala 125 ne. Da wannan tsari Stratemeyer ya fitar da Hardy Boys na yara maza a 1927, da ya ga kasuwa ta karɓa sai ya ce a yi wa 'yan mata nasu. Littattafan Nancy Drew uku na farko sun fito tare a ƙarshen watan Afrilu na 1930, shi kuwa bai cika mako biyu ba bayan haka ya rasu.

Mai karatu zai iya cewa, to ina gwanintar take tunda wani ne ya tsara labarin? Tambayar kamar ta wanda ya ga an ba tela yadi a yanke ne ya ɗauka aiki ya ƙare. A ba teloli biyu yanka iri ɗaya, ɗaya ya fito da rigar da za a shiga taro da ita, ɗaya kuwa ko almajirinsa ba zai saka tasa ba. Marubuta da dama sun karɓi irin waɗannan shafuka daga hannun Stratemeyer, mafi yawan abin da suka rubuta an manta da shi.

Babbar matsalar labarin bincike na matasa ita ce matashin kansa. Yarinya 'yar shekara 16 ba 'yar sanda ba ce, ba ta da ikon kama kowa, ba ta da hurumin yi wa babba tambaya. Idan marubuci ya ba ta ƙarfin da ya wuce hankali, yaro mai karatu zai gane ƙarya ce. Idan kuma ya bar manya su warware komai, labarin ya tashi daga nata. Tsarin da aka ba Mildred ya share rabin hanya: mahaifiyar Nancy ta rasu tun tana ƙarama, mahaifinta Carson Drew lauya ne da ake girmamawa a garin River Heights, tana da motarta shuɗiya, kuma babu makarantar da ke cinye mata yini. Sauran rabin na Mildred ne. Ta mayar da ƙuruciyar Nancy makaminta. Mugu ba ya ɓoye fuskarsa a gaban yarinya domin ya raina ta. Tsohuwa da ba za ta buɗe baki ga jami'i ba tana sakin jiki da yarinyar da ta shigo ta gyara mata shimfiɗa ta dafa mata abinci.

Littafin farko, The Secret of the Old Clock, wato sirrin tsohon agogo, ya nuna haka filla-filla. Wani tsoho mai dukiya, Josiah Crowley, ya mutu, iyalin Topham masu kuɗi da girman kai sun haɗiye gadon gaba ɗaya da wata tsohuwar wasiyya, alhali ya sha yi wa 'yan'uwansa da maƙwabtansa matalauta alkawari. Ana zargin akwai wasiyya ta biyu. Dubi zaɓin laifin tukuna. Ba gawa, ba jini, rigimar gado ce, abin da yaro a ko'ina ya taɓa jin manya suna ƙus-ƙus a kansa, kuma ya san wanda aka zalunta ba sai an yi masa bayani ba. Nancy ta bi masu haƙƙin gida-gida tana sauraro. Wata tsohuwa, Abigail Rowen, da ta faɗi ta ji ciwo ba mai kula da ita, ita ce bayan Nancy ta yi mata hidima ta tuno cewa marigayin ya taɓa maganar wani ɗan littafin rubutu da kuma agogo. Don ta shiga gidan Topham, Nancy ta fake da sayar da tikitin wani taron taimakon mabukata, cikin hira ta ji cewa an kai agogon gidan hutunsu na bakin tafki. Ta isa can ta tarar ɓarayi suna kwashe kaya, suka kulle ta a ɗan ɗakin ajiya suka tafi. Da mai gadin gidan ya buɗe mata ƙofa, ta bi motarsu, ta zaro agogon, ta sami littafin a cikinsa, shi kuma ya nuna bankin da wasiyyar take.

Kowane mataki ya haifi na gaba, kuma babu wanda yarinya mai wayo da ƙarfin hali ba za ta iya takawa ba. Alamar da ake bi abu ne da hannu ke taɓawa: agogo, littafi, mabuɗi, matakala. Yaro ɗan shekara 11 ba zai riƙe doguwar muhawarar lokaci da shaidu irin ta littattafan manya ba, amma zai riƙe agogo a ransa har babi 20. A ƙarshe da aka so saka mata, ba kuɗi ta karɓa ba, agogon ta ɗauka.

Sai kuma bakin babi. Ƙa'idar kamfanin ce kowane babi ya ƙare da abin da zai hana yaro ajiye littafi, kuma masu karanta littattafan Kano da ake yankewa a tsakiyar tashin hankali a ce sai a littafi na biyu sun san daɗin abin da haushinsa. Wahalar ita ce yin haka sau 24 a littafi ɗaya ba tare da ya zama wasan yara ba. Mildred takan sauya launin ƙugiyar. Wannan babi ya ƙare da takun ƙafa a duhu, na gaba da wata kalma da ta suɓuce daga bakin wani, na bayansa da hadari ya taso tana tsakiyar tafki a jirgin ruwa. Jimlolinta gajeru ne, aikatau ya fi siffa yawa, ba ta tsayawa wa'azi. Wannan horon jarida ne. A 1927 ta zama ta farko da ta karɓi digiri na biyu a aikin jarida a Jami'ar Iowa, kuma hannun da ya saba sa muhimmin abu a layin farko ba ya ɓata shafi yana kwatanta labule.

Littafin da ta fi so a jerin shi ne na biyu, The Hidden Staircase, labarin ɓoyayyar matakala. Wasu tsofaffin mata biyu 'yan gida ɗaya suna zaune a katafaren gida, kaya na ɓacewa, ana jin motsi da dare, har sun fara yarda fatalwa ce. Nancy ta tare a gidan, ta bi bango tana ƙwanƙwasawa, daga ƙarshe ta gano hanyar ƙarƙashin ƙasa da wani maƙwabci mai kwaɗayin gidan yake bi yana firgita su don su sayar da araha. Mildred tana barin yaro ya ji tsoro sosai, gashin jikinsa ya tashi, sannan ta kama hannunsa ta nuna masa cewa bayan abin tsoron akwai mutum mai buƙata da ƙofa mai sakata. A ganina wannan ya fi duk wani darasin da za a rubuta a shafin ƙarshe.

Halin Nancy kuwa na Mildred ne tsantsa. Tana mayar wa ɗan sanda magana, tana tuƙi da gudu, tana gyara tayar motarta, a bugun farko na littafi na biyu har ƙaramar bindigar mahaifinta ta riƙe. Shekara goma kacal ke nan da matan Amurka suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. Mildred ta sha faɗa daga baya cewa ta gaji da jarumai mata masu sanyin jiki da suka cika littattafan yarinta, kuma Stratemeyer da kansa ya ga bakin Nancy ya yi kaifi. 'Yarsa Harriet Adams, da ta gaji kamfanin, ta yi shekaru tana neman a sassauta ta, a ƙara mata ladabi da taushi.

Ba a cikin hutu aka yi wannan rubutu ba. Lokacin karayar tattalin arziki aka rage ladan, Mildred ta ƙi, wani marubuci mai suna Walter Karig ya rubuta na 8 zuwa na 10 kafin ta dawo. Mijinta na farko, Asa Wirt, ya yi fama da shanyewar jiki, ta ajiye keken rubutunta kusa da gadonsa tana jinya tana bugawa, har ya rasu a 1947. Tun 1944 ta kama aikin jarida a Toledo ta jihar Ohio, tana bin kotuna da ofisoshin hukuma da rana. Jimillar littattafan yara da ta rubuta ta haura 100.

Akwai abin da ba za a rufe ba. Bugun farko yana ɗauke da raini irin na zamaninsa ga baƙar fata da baƙin haure. Mai gadin gidan tafki a littafin agogo baƙar fata ne da aka zana a matsayin mashayi abin dariya. Daga 1959 kamfanin ya shiga sake rubuta littattafan, ya cire irin waɗannan wurare, kuma ya kyauta. Sai dai a wannan gyaran ne aka rage babi zuwa 20, aka ƙara wa Nancy shekaru zuwa 18, aka kuma rage mata kaifin baki. Wanda ya karanta tsohon bugu da sabo a jere zai ji sabon ya fi sauri, amma yarinyar ciki ta fi kama da 'yar da iyaye ke so fiye da wadda yara ke so su zama.

Asirin wadda ke bayan sunan Carolyn Keene ya fito fili a 1980, a wata shari'a tsakanin kamfanin Grosset & Dunlap da ya daɗe yana buga littattafan da kamfanin Stratemeyer da sabon mawallafinsa, inda aka kira Mildred ta ba da shaida. A 1993 jami'arta ta shirya taro kan Nancy Drew ta karrama ta, a 2001 ƙungiyar marubuta labaran bincike ta Amurka ta ba ta lambar Edgar ta musamman. Ita kuwa a tsakanin nan ta koyi tuƙin jirgin sama tana gab da shekara 60, ta yi ta zirga-zirga zuwa kufan Mayawa a Amurka ta Tsakiya, ta ci gaba da rubuta shafinta a jaridar Toledo Blade har ranar da ta rasu a watan Mayu na 2002, tana da shekara 96. Idan aka dame ta da tambayar Nancy takan nuna ta ƙosa, ta ce ta fi son Penny Parker, 'yar mai gidan jarida da ta ƙago da kanta ta rubuta mata littattafai 17 tsakanin 1939 da 1947, waɗanda suka fito da sunan Mildred A. Wirt a bango.