Gwanintar Mai Tsaron Ƙofar Imel

A manyan ma'aikatu akwai kwamfutar da ake kira saba, wadda imel ɗin gidan ke bi ta kanta kafin ya fita duniya. Ba ma'aikata kaɗai ke miƙa mata saƙo ba. Firinta mai sikanin takardu tana aikawa, haka manhajar biyan albashi, haka na'urar da ke kai rahoto idan wuta ta ɗauke. Wanda ke kula da sabar, kamar sarkin ƙofa, shi ke tantance wa zai wuce, wa za a mayar.

Da can ba a damu da wannan ba. Lokacin da Jon Postel ya wallafa ƙa'idar aika imel ta SMTP a 1982, yawancin masu amfani da hanyar 'yan jami'o'i ne da cibiyoyin bincike, don haka saba takan karɓi saƙon baƙo ta isar masa kyauta. Masu watsa tallan banza suka ga banza ta faɗi, suka dinga labewa bayan sabobin mutane. A 1997 Paul Vixie da abokan aikinsa suka fito da jerin adireshin da ake toshewa, a 1998 kuma manhajar saba ta Sendmail 8.9 ta daina isar da saƙon baƙo sai an ba ta izini. Ma'aikatar da sunanta ya shiga irin wannan jeri, ko wasiƙarta ta halal ba ta isa.

A manhajar Postfix, wadda Wietse Venema ya rubuta a IBM, layi guda ne mai suna mynetworks ke ɗauke da adireshin IP na waɗanda aka amince da su. Mai gaggawa zai rubuta 192.168.1.0/24, ya buɗe wa adireshi 256 a lokaci ɗaya, har da kwamfutar da ƙwayar cuta ta kama. Gwani kuwa sai ya bi gidan na'ura bayan na'ura. Wadda za ta iya ba da suna da kalmar sirri, ya tura ta ƙofa ta 587. Tsohuwar firintar da ba ta iya wannan ba, ya kafe mata adireshi don kada ya sauya, ya sa ta ita kaɗai a jerin mynetworks.

Inda ake gane ƙwararre shi ne wajen katangar tsaro, wato na'urar da ke tsaye tsakanin gidan da waje. Wani sa'in takan sauya adireshin saƙon da ya shigo daga waje ta sa nata. In nata yana cikin jerin, to kowane baƙo ya zama ɗan gida ke nan. Shi ya sa gwani ba ya yarda da abin da ya rubuta sai ya gwada: ya zo daga waje, ya nemi sabar ta kai saƙo wani wuri, ya ga ta ƙi da lamba 554. Daga nan ya riƙa duba rajistar sabar, duk na'urar da ta daina aiki ya goge adireshinta kafin wata ta gaje shi.