Jinjina ga Matan Lambun Bayan Ɗaki

A watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Damagaram, rijiyoyi su ja baya, 'yan ga-ruwa su ƙara kuɗin jarka. Duk da haka akwai matan da alayyafonsu ba ya yaushi. Ruwan wankin shinkafa da na alwala ba ya zuba a banza, gindin yakuwa da tattasai yake tafiya. Da asuba suke ban-ruwa, ko da yamma liƙis, don kada rana ta shanye. Su lulluɓe gindin da ƙaiƙayi, su kafa tsohuwar zana ta yi inuwa, su barbaɗa toka saboda ƙwari. Awaki kuwa, su ne babbar fitina, sai da shingen ƙaya. Sannunku da aiki, iyayenmu. Maƙwabta ma na tsinkar zogalenku, ba ko sisi.