Idan Jaruma Ta Tafi, Wa Zai Gaji Rol Ɗinta?

Bayan ƙwallo da siyasa, babu abin da ke tayar da musu a majalisun Sabo kamar a ce an canja jarumi a tsakiyar shiri mai dogon zango. Daga teburin mai shayi har shagon caji magana ɗaya za ka ji: "Ai sun ɓata fim ɗin, ni na daina kallo." Mai faɗin haka kuwa, mako na zagayowa za ka tarar da shi ya sa data ya duƙufa kan waya. To bari mu zauna mu duba lamarin nan da idon basira. A ganina canjin jarumi ba ya kashe shiri. Abin da ke kashe shi shi ne marubuci ya ƙi gina rol, ya jingina labari gaba ɗaya da fuskar mutum guda.

Mu fara da wanda kowa ya sani. Shirin Labarina na darakta Aminu Saira ya fara fitowa a tashar Arewa24 a 2020, kuma Nafisa Abdullahi ce Sumayya. A 2022 ta sanar cewa ta fita daga shirin, aka ɗauko Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya. Ranar da sabuwar fuskar ta bayyana, Facebook kamar zai kama da wuta. Wasu suka ce wallahi Sumayya ɗaya ce a duniya. Amma fisabilillahi, me ake so darakta ya yi? Duk igiyoyin labarin a wuyan Sumayya suke ɗaure. Idan ka cire ta, me ya rage wa Lukman da Presido su yi rigima a kai?

Abin da na yaba wa Fati Washa shi ne ba ta tsaya kwaikwayon Nafisa ba. Nafisa tana da wata irin dakewa, kallonta kaɗai ya isa magana. Fati ta zo da nata salon mai taushi, ta bar mai kallo ya saba da ita a hankali. Da ta ce sai ta ari tafiya da muryar wadda ta gada, da kullum awo za mu riƙa yi, kuma kowa ya san kayan aro ba ya rufe katara.

Matsalar kuma ba baƙuwa ba ce a Kannywood. Fim na da, wanda ake sayarwa a kaset ko faifai, a 'yan makonni ake gama ɗaukarsa kowa ya kama gabansa. Shiri mai dogon zango kuwa shekaru yake ci, kuma a cikin shekarun nan rayuwa ba ta tsayawa jiran kowa. Wani karatu zai ɗauke shi, wani kasuwanci, wani saɓani a kan kuɗi, wani kuma rai ya yi halinsa. Ga 'yan mata kuma akwai aure, wanda a al'adarmu yawanci shi ne ƙarshen fitowa a fim. A Labarina ɗin ma, Maryam Waziri da ta fito a Laila ta yi aure a 2021. Don haka duk furodusan da ya fara dogon shiri bai tanadi ranar rabuwa ba, ya yi gini ne a bakin kogi.

Hanya uku ce a gaban mai shiri idan jarumi ya tafi. Ko ya kawo wani, ko ya kashe rol ɗin, ko ya ce an tura shi karatu ƙasar waje. Ta ukun ita ce mafi raini ga mai kallo, don sai a bar ka da waya ana bugawa ba a ɗauka har zango ya ƙare. Ta biyun tana da nata ciwon. Masu bin Labarina ba su manta da mutuwar Mahmud ba, rol ɗin da Nuhu Abdullahi ya riƙe. Mutuwa a labari tana da daɗin kallo idan labarin ne ya kai ga haka, an shimfiɗa mata tabarma tun daga nesa. Idan kuwa aka ji ƙamshin cewa matsalar bayan kyamara ce ta kawo ta, mai kallo yana ganewa, kuma yana jin an ci amanar watannin da ya yi yana bibiya. Shi ya sa a cikin ukun na fi son a kawo wani jarumin a fito fili a faɗa.

Mu da ke zaune a ƙasar Yarbawa muna da misali a ƙofar gida. Wane ne a Badun bai san Papa Ajasco na Wale Adenuga ba, mai sanƙon nan da ke dukan kansa idan abu ya ba shi mamaki? Abiodun Ayoyinka ne aka fi sani da rol ɗin, amma an yi shekaru Femi Ogunrombi ne ke riƙe da shi, daga baya Ayoyinka ya dawo. Shirin bai rushe ba. Dalili kuwa, Papa Ajasco ya girmi masu fitowa a matsayinsa. A zanen barkwanci na mujallar Ikebe Super aka haife shi kafin ya shiga talabijin. Yana da sanƙonsa, da son matansa, da matarsa mai faɗa, da ɗansa. Duk wanda ya shiga rigar, ya tarar da hali a ɗinke.

Haka abin yake a wajen Turawa. James Bond na Ingila ya fara da Sean Connery a 1962, kuma zuwa 2021 mutum shida suka riƙe rol ɗin a jerin finafinan. Da aka ce Daniel Craig ne zai fito a na 2006, masoya sun yi ta ƙorafi, har da cewa launin gashinsa bai dace ba. Ya zo ya yi fim biyar, yau da yawa shi suke kira gwani. A finafinan Harry Potter, Richard Harris ya fito a tsohon shugaban makaranta sau biyu, ya mutu a 2002. Michael Gambon ya karɓa daga fim na uku, ya yi shida. Harris tsoho ne mai sanyin murya, Gambon kuma ya zo da kuzari da zafin nama, bai ce sai ya zama Harris ba. A Indiya ma, Don na Amitabh Bachchan na 1978 an sake yin sa a 2006 da Shah Rukh Khan, kowanne da masoyansa.

Sai dai akwai inda canji ba ya yiwuwa, kuma dole a faɗi gaskiya. Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disamban 2014. An samu masu barkwanci bayansa, wasu ma ƙwararru, amma babu wanda za a sa wa hula a ce ga Ibro. Shi ba marubuci ne ya ƙirƙire shi ba, mutumin da rol ɗin abu ɗaya ne. A Amurka ma da Chadwick Boseman na Black Panther ya mutu a 2020, masu fim ɗin ba su ɗauko wani ya zama shi ba, sai suka juya labarin a na 2022. Ke nan tambayar da furodusa zai yi wa kansa ita ce, jama'a halin suke bi ko mutumin? Idan mutumin ne, a bar shi ya tafi da abinsa.

Akwai kuma wani abu da masu fim ɗinmu ke wasa da shi, wato gida. Mai kallo ba da fuska kaɗai yake gane mutum ba, har da inda yake kwana yake tashi. Duba Dadin Kowa na Arewa24. Kana ganin ƙofar gida da tsakar gida ka san wajen su Kamaye da Adama aka zo, tun kafin wani ya buɗe baki. Zaure, tabarma, igiyar shanya, murhu, duk suna ba da labari. Amma yawancin sababbin shirye-shirye sun koma falon haya: manyan kujeru, tayil mai sheƙi, fitilu a rufi, labule har ƙasa. Gidan Alhaji da na surukinsa da na maƙiyinsa duk kamarsu ɗaya. A irin wannan falo idan ka canja fuskar jaruma, babu abin da ya rage da zai ce mana ita ce. Ni dai a fim ba ni gida mai zaure da tsakar gida, ko na siminti ne, ya fi mini bene mai hawa biyu da ba shi da shaida.

Mu mutanen Sabo bai kamata wannan ya zame mana sabon karatu ba. Tun 1916 da aka kafa unguwar nan, masu gida nawa suka shuɗe? Mai gida ya rasu, ɗansa ko yaronsa ya zauna a zaure, fatake masu shanu da masu goro suka ci gaba da sauka, don gidan da amanarsa suka sani. A watannin farko za a yi ta cewa ai ba kamar marigayi ba. Idan magajin ya riƙe amana, shekara biyu ta isa a saba. Idan kuwa gidan dama ba shi da tsari sai kwarjinin mutum ɗaya, ranar da ya tafi baƙi ke watsewa.

Don haka kirana ga masu shirya fim kaɗan ne. A rubuta yarjejeniya da jarumi kafin a kunna kyamara, a san zango nawa zai yi. A kammala ɗaukar zango kafin a fara haska shi. A ba kowane rol halinsa, da irin maganarsa, da sana'arsa, da gidansa, yadda wani zai iya gadonsa. Idan canji ya zama dole, a sanar da jama'a tun kafin su gani, kar a mayar da su yara.

Mu kuma masu kallo, a ji tsoron Allah a kan abin da ake rubutawa a ƙarƙashin hotunan 'yan matan nan. Wadda aka kira ta karɓi rol sana'a ta zo yi, ba ita ta kori kowa ba. A ba ta mako huɗu ko biyar tukuna. Idan ta gaza, a soki aikin da hujja, a bar iyayenta da mutuncinta. Allah ya sa mu dace.